Saƙon da Ruwan Fadama Ke Haɗiyewa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Haɗeja, mu huɗu a wata tsohuwar a-kori-kura: ni, da direba, da wani ƙaƙƙarfan magidanci mai sana'ar hawa ƙarfen sabis, sai shugabar tafiyar, wata injiniyar sadarwa maƙwabciyarmu. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a garin nan aka haife ta, in tana magana a bayan katanga ba za ka ce ba Bahaɗejiya ba ce. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ba ni da wani aiki a tafiyar, naci ne kawai ya kai ni. Na ji tana gaya wa matata cewa akwai wani ƙaramin asibiti a tsallaken fadama, wajen Baturiya, wanda intanet ɗinsa ke lafiya lau duk rani, amma da zarar ruwa ya cika sai ya riƙa ɗaukewa, alhali ba abin da ya lalace. Na kasa haƙuri, na roƙe ta ta tafi da ni. Ta yarda, da sharaɗin zan yi dako.

Ita ta shiga gaba, ni da mai hawa ƙarfe muka zauna a baya muna rungume da wani farin faifan eriya mai faɗin faifan rufe ƙwarya sau uku. A bakin gari muka tsaya shan koko. Ƙosan bana ya rame ƙwarai, kamar shi ma tsadar wake ta taɓa shi, amma mai tuyar ta yi mana gyara da ta ji inda muka nufa, ta ce can ne garin kakarta.

Damina ta kusa ƙarewa, ruwa kuwa ya yi iyakar cikarsa. Dama da hagu shinkafa ce kore shar, wata ta fara kai, wata ruwa ya shanye ta sai tsinin ganye. A wurare da dama ruwan ya ci gefen titi, direba yana lallaɓawa yana salati. Mun wuce masunta suna bandar tarwaɗa, da wasu samari suna shanya kwaɗi, waɗanda aka ce ’yan kasuwa daga kudu ke zuwa saye buhu-buhu. Mai hawa ƙarfe ya ce shi dai har yau bai ga abin da aka gani a jikin kwaɗo ba. Daga nan kwalta ta ƙare, ba da jimawa ba hanyar ma ta ƙare gaba ɗaya, a bakin wani mashigi inda kwalekwale ke jiran mutane.

Mai kwalekwalen dattijo ne mai fara'a. Da ya ga faifan, sai ya ɗauka gidan kallon ƙwallo za mu buɗe, har ya fara roƙon a riƙa barin jikokinsa su shiga kyauta. Da aka gaya masa na asibiti ne, ya sa muka kwantar da faifan a tsakiya, ya rufa masa tabarma. Muka ratsa ta cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta fi tsayin mutum, sai wata siririyar hanya da masunta suka sare. Can muka fita fili. Ruwa ne iya ganinka, kwance lumui ko motsi babu, goruba da gajimare duk sun kife a cikinsa. Agwagin daji, kirinjijiya, suka tashi garke guda suna fito.

A nan na tambayi injiniya me ya hana a ja musu wayar gilashi kamar ta cikin gari. Ta ce wa zai haƙa rami a cikin wannan ruwa? Shi ya sa ake harba saƙon ta iska, daga wani ƙarfe a gefen gari zuwa na asibitin, faifai yana kallon faifai. Ta ƙara da cewa ita ma wayar gilashin ba a banza take kai saƙo lafiya ba: hasken da ke gudu a cikinta yakan gaji, yakan kuma baje har wani ɗigo ya hau kan wani, sai da aka ƙirƙiro na'urorin da ke farfaɗo da shi a hanya. Duk inda ake tura bayanai da gudu, in ji ta, rabin aikin shi ne hana su dagulewa kafin su isa.

Da hantsi muka isa. Asibitin ɗaki uku ne da rumfa, da sola a kan rufi, da dogon ƙarfe a bayansa. Ungozomar da ke kula da shi ta tarye mu da fuskar wadda ta gaji da jira. Tana da ƙaramar na'urar hoton ciki, ta iya aza ta, amma likita ne a Haɗeja ke kallon hoton kai tsaye ya faɗi abin da ya gani. Tun da ruwa ya cika, hoton sai ya daskare ko ya farfashe. A ƙarƙashin rumfar akwai wata mata mai tsohon ciki zaune a tabarma, mijinta a tsaye gefe da hula a hannu. Ungozoma ta ce hannunta na gaya mata tagwaye ne, kuma kwanciyar ɗaya ba ta yi mata ba. Ta nemi a kai matar gari, mijin ya ce ba zai ɗora mace a wannan hali a kwalekwale bisa zato ba, domin bara ya ga abin da ruwa ya yi wa wasu. In likita ya gani ya ce a tafi, za a tafi. Ban ga laifinsa ba.

Injiniya ta jona kwamfutarta, sannan ta tambayi ungozoma yaushe abin ya fi muni. Ta ce da safe, in gari ya yi tsit. Amma in iska ta taso sai ya ɗan dawo. Injiniya ta gyaɗa kai, ta juyo gare ni.

“Malam, ka ga yadda goruba ta fito a cikin ruwan nan ɗazu? To haka yake yi wa saƙonmu. Ɗaya ya zo kai tsaye, ɗaya ya bugi ruwa ya taso, ya iso a makare kaɗan. In suka haɗu a faifan ba daidai ba, sai su kashe juna.”

Na daɗe ina zana wa ɗalibai wannan a allo, igiyar saƙo biyu suna soke juna, ban taɓa tunanin zan gan shi tsaye tsakanin mace mai ciki da likitanta ba. Ta nuna mini cewa na'urar da kanta tana ta ƙoƙari. Akwai wani sashe a cikinta da ke koyon yadda amsa-kuwwar take, ya cire ta daga saƙon. In abu ya tsananta sai ta rage gudu, kamar mai magana da kurma-kurma. Tana kuma haɗa kowane saƙo da ’yan alamomin da za a cike gurbi da su in wani abu ya faɗi a hanya. Sai dai idan saƙon ya mutu tun a bakin faifai, duk wannan dabara ba ta da abin kamawa. Maganin shi ne faifai na biyu a ƙasa da na farko, domin da wuya su biyun su kurmance lokaci guda. Na'urar sai ta haɗa abin da kowanne ya ji. Jiya sun ɗaura irinsa a ƙarfen can gefen gari, yau saura wannan.

Mai hawa ƙarfe ya ɗaura ɗamararsa ya hau, ni da mijin matar muka riƙe igiya muna tura masa faifan. Aikin bai zo da sauƙi ba. Inda aka fara ɗaure shi, shi ma a kurmance yake. Injiniya tana kallon kwamfuta tana cewa a sauko da shi kaɗan, a karkata, a mayar. Shi kuma daga sama yana ƙorafin rana ta gasa ƙarfen. Hannuna ya yi kanta. Can sai na ga layin da ke ta faɗuwa a fuskar kwamfutar ya miƙe ya tsaya. Ba ta yi murna ba tukuna, sai da ta zuba masa ido wani lokaci, sannan ta ce ungozoma ta gwada.

Mu maza muka koma rumfa, aka kawo mana fura mai sanyi da soyayyiyar ƙarfasa. Mijin bai taɓa komai ba. Daga baya aka kira shi ciki, muna jiyo muryar likita tar kamar yana ɗakin. Tagwaye ne, ɗaya ya kwanta a gicciye, kuma kada a bari naƙuda ta same ta a nan. Ya fito ya dubi injiniya.

“Baiwar Allah, akwai wuri a motarku?”

Haka muka juyo mu shida. Iska ta ɗan taso, ruwan ya yi tsuma, mai kwalekwale ya riƙa bin gefen ciyawa a hankali. A mota injiniya ta bar wa matar gaba, ta dawo baya tare da mu. Na tambaye ta ko an gama ke nan. Ta ce ba za ta ce haka ba sai ta ga ruwan ya janye ya sake dawowa, domin duk sanda tsayinsa ya canza, lissafin ma ya canza. Da la'asar muka sauke su a asibitin gari, na isa gida da laka har gwiwa da ƙullin bandar kifi.

Tafiyar ta koya mini cewa in ka ga fuskar mutum tar a waya, ba hakanan ta zo ba. Wasu mutane da ba su taɓa jin sunan Haɗeja ba sun ƙarar da shekarunsu suna neman yadda saƙo zai isa bai dagule ba, wasu kuma a nan suna hawa ƙarfe cikin rana don dabarar ta yi aiki. Bayan ’yan kwanaki na leƙa asibitin gari. An yi wa matar aiki, an samu mace da namiji, duk suna lafiya. Na tarar da mijin a bakin ƙofa yana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya, ya matsa mini wuri ya ce in sa hannu.