Zuwa Uku Kano Saboda Memori

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin malamin dabbobi a Tudun Wada. Babur nake hawa in zaga rugage, daga Burumburum har cikin Doguwa, ina yi wa shanu allura. Duk inda na sauka sai na rubuta abin da na gani: cutar da ta shigo, itacen da dattawan Fulani ke jiƙa wa maraƙi, inda burtali ya bi kafin gonaki su cinye shi. Da aka kawo kwamfuta ofishinmu na koyi bugawa, na kwashe rubutun shekaru na zuba a kan ƙananan faifai da ake kira disket.

Wata rana wani tsohon Arɗo ya zo ofis, ya ce, "Likita, zancen burtalin nan da na ba ka bara, karanta mini shi. Gardama ta taso."

Na sa faifan. Injin ya yi ƙugi, ya ƙi buɗewa. Na sake sawa, haka. Tsohon ya jira har azahar, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ya dame ni fiye da zagi.

Ina da wani ɗan ajinmu na sakandare da ke gyaran kwamfuta a Kano. Shi ya ba ni shawara in haɗa inji guda a gida wanda ba shi da wani aiki sai ajiya, mai rumbu biyu a ciki, abin da aka zuba a ɗaya a kwafa a ɗayan. Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na saya a gwanjo, sai a jona ta da shi da waya, in riƙa bugawa a nan yana ajiyewa a can.

Lokacin ana wahalar mai. Mota ba ta tashi sai ta cika har bakin ƙofa, kuma kafin mu wuce garin Ƙofa ƙafata ta mutu. Da na isa shagonsa a Kano, ya ɗora mini alluna biyu kore a kan tebur.

"Wannan shi ne bod," in ji shi. "Komai a kansa yake hawa. Sabon ya fi gudu, amma ba ya son zafi da wutar da ke rawa. Tsohon kuwa jaki ne."

"Ba ni jakin," na ce.

Memori ne ba shi da shi, wato ƴan siraran sanduna kamar mataji da ake cusawa a jikin bod ɗin. Ya ce in leƙa shagunan gaba. Ana kiran sallah, masu saye sun taru masa a ka, ban tsaya tambayar wane iri ba. Na sayi guda ɗaya, mai shagon ya rantse mini zai hau kowane bod. Ina gudun kada motar gida ta bar ni, ban koma an gwada ba.

Kwana huɗu muna jiran wuta. Ranar da aka kawo ta, na haɗa komai yadda ya zana mini a takarda, na danna. Fanka ta juya, injin ya yi ƙara tii, tii, tii, gilashin kwamfutar kuwa baƙi ƙirin. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai.

"Malam, kukan lafiya ne wannan?"

"Ban sani ba," na ce. Gaskiya kuwa na faɗa.

Asabar na koma Kano da bod ɗin a naɗe cikin tsohon zaninta. Mutumina ya duba, ya dafe kai. "Laifina ne. Wannan bod ɗin bibbiyu yake cin memori, kamar shanun huɗa. Ɗaya ba ya ja." Ya tono wani a cikin akwatin tarkacensa, tsawonsu ɗaya, haƙoransu ɗaya. Muka sa, injin ya tashi. Ban ma zauna cin abinci ba na kamo hanya.

A gida ya yi aiki kamar na rabin sa'a, sai ya sandare. In kashe, in kunna, ya sake sandarewa. Sati biyu ina wannan, ga damina ta kankama, ga ciwon kofato ya ɓulla wajen Ba'awa an ce mu je mu taimaka. In dawo jiƙe sharkaf, in zauna gaban abin da ba ya motsi. Har na fara tunanin in mayar da shi cikin kwali in huta.

A zuwa na uku ne ya ɗauko gilashin ƙara girma ya karanta ƴan lambobin da ke jikin sandunan. Ashe ɗaya ya fi ɗaya sauri. "Ka haɗa bijimi da tsohon sa a garma ɗaya," in ji shi. Ya rufe shagon, muka bi layin tare, shago bayan shago, har muka sami biyu masu lamba iri ɗaya. Ya kunna injin ya bar shi tun hantsi har la'asar, ni kuma ina gyangyaɗi a kan benci. Bai sandare ba.

Na ɗauka zan yi murna. Da na iso gida sai kawai na ajiye shi a kan tebur na kwanta.

Saura kwashe faifan, su kuma suna da yawa, sun cika manyan gwangwanayen madara biyu. Wuta a unguwarmu da rana take zuwa, lokacin ina daji. Sai na nuna wa maiɗakina: ga inda ake dannawa, ga inda ake cusa faifai, in wannan ɗan akwatin ya fito a gilashin ki danna nan. Ba ta karanta Turanci, amma ta haddace siffar kowane rubutu. Da ta ga ƙwan ɗaki ya kama, sai ta sauke tukunya, ta wanke hannu, ta shiga.

Kullum na dawo zan tarar ta raba su gida biyu a kan tabarma. Na dama sun shiga, na hagu sun ƙi. Na hagun ba su kai na daman ba, amma sun fi yadda na zata. Ban taɓa iya zubar da su ba.

"Waɗannan fa, Malam?" ta tambaye ni wata la'asar, tana nuna na hagun.

Na ce ta mayar da su gwangwani. Na cire takalmin roba, na roƙe ta ruwan zafi, don bayana ya riƙe tun daga Doguwa.