Yadda Na Shanya Piyano a Ranar Arlit

Ni ɗan Maraɗi ne, na fi shekara ashirin ina saye da sayarwa a Arlit, kuma kaya da yawa sun bi ta hannuna na manta su. Amma abin da ya shiga tsakanina da wani piyano, shi kam ba ranar da zai fita daga raina.

Sana'ata sayen tsofaffin kayan gida. In ma'aikacin ma'adinai zai bar gari, ni ake kira in kwashe firigo, katifa, kujeru, har tukwane. Wata shekara wani injiniya da zai bar aiki ya sayar mini da kayansa kaf, ciki har da piyano, wato babban akwatin kiɗan nan na Turawa. Ƙarti takwas suka ɗora shi a kamyo, babbar motar kaya, suna tsine mini.

Dokata ɗaya ce: duk abin da na sayo sai ya sha rana kwana uku, saboda kuɗin cizo. Ina goge piyanon na buɗe murfin ƙasa, sai ga kwalabe uku cike da ruwa, baki buɗe, kowace da tsumma a ciki. Na kira maƙwabcina, wani mai walda ɗan Tawa. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Alhaji, asiri ne wannan. Ka ga mutum ya bar aiki mai kyau haka kawai?"

Na yi bismilla na zubar da ruwan, na turare akwatin, muka tura shi tsakar fili. Wanda ya san ranar Arlit ya san abin da na aikata. Ni a lokacin gani nake tsafta na yi.

Rana ta uku wata dattijuwa ta sauko daga taksi, ƴar Damagaram, da tabarau. Daga baya na ji tarihinta: ta yi karatun kiɗa a Turai, ta yi wasa a manyan zauruka a Yamai da Dakar, aure ya kawo ta nan, ta koma koyarwa. Ɗalibanta biyar, kuma a wannan piyanon take koya musu a gidan injiniyan, don babu wani piyano a garin. Tana Agadas aka yi cinikin.

Da ta hango shi a rana sai ta dafe kai. Ta danna wuri guda, ya yi kuka kamar akuya ta maƙale a shinge. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa.

"Ina kwalabena?"

"Hajiya, naki ne? Mun ɗauka aikin aljanu ne."

"To ga aljanar a gabanka! Duk Juma'a nake cika su. Katako ne, kai ɗan Maraɗi, iskar garin nan tsotse shi take yi, ruwan ne ke ba shi laima. In allon ciki ya tsage, yaran nan sun gama kiɗa, ni ma na gama aiki."

Mai walda ya fara sulalewa, ta ce, "Malamin duba, dawo nan ka kama!"

Muka shigar da shi ɗakin da ya fi sanyi, wato inda nake hutun rana. Ta sa na jera randuna biyu cike da ruwa a gefe, ta hana ni buɗe taga. Kullum in tambaye ta ko zai tashi, ta ce, "Ka tambayi rana, ita ka ba wa." Bayan sati uku ta zana wa mai walda wani makulli a takarda, ya ƙera mata. Da shi ta bi wayoyin ciki tana ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya, kunnenta a jikin katako, mu kuwa ko tari ba ma yi.

Allon bai tsage ba, amma wurare biyu sun mutu har abada. Ranar da ta gama, ta zauna ta miƙe baya, hannayenta suka fara gudu. Direbobin da ke lodi a waje suka bar igiya suka cika ƙofa. Ni da ban san kan kiɗan ba, sai na ja kujera na zauna ina saurare har ta kammala.

Na ce, "Hajiya, ban ji inda ya mutu ba."

"Shekara arba'in na yi ina koyon yadda ba za ka ji ba."

Ban sayar da shi ba. Ɗakin ya zama ajinta har ta koma gida, ni na koma hutawa a kan benci.

Tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba a cikin kayan mutane, ba maƙwabci nake kira ba. Sai na nemo wanda ya ajiye shi na tambaya, kafin in kai hannu.