Labulen da Ban Ɗinke Ba

Ungogo

Ladanin unguwarmu bai gama kiran asuba ba na fito, da allura da zare da almakashi a jakata. Saƙon da ya tashe ni gajere ne: ɗakin sujadar ƙauyenmu ya faɗi a ruwan sama, kuma Baba Gambo, wan mahaifina, wanda ya gina shi da hannunsa, ya daina cin abinci. Wai a kira Saratu tela ta zo ta ɗinke labule. Ni ce Saratun. Maigidana ya ce, "A wannan wahalar man fetur za ki tafi saboda ƙyalle?" Na ce masa tsohon zan je gani, ƙyallen dalili ne kawai.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Mai ya yi wuya, hanya duk shinge. Sai da rana ta ɗago na samu wata tsohuwar bas, aka cusa mu biyar a kujerar mutum uku. A shinge na biyu soja ya zazzage jakata, ya ɗaga almakashi ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ga aljihunka nan ya ɓarke, in ka ba ni wuri yanzu ka ga amfaninsa." Ya yi dariya ya ce mu wuce. Direba ya ce, "Baiwar Allah, gobe ma ki biyo ni."

Ɗambatta

Mun sauka bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Masu babur suka ce rafin hanyarmu ya cika, ko da kuɗi ba mai zuwa. Na nufi gidan Hajiya Binta mai tuwo, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta zuba mini tuwon dawa da miyar kuka, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ce, "Gambo da taurin kai! Ki ce masa in ji ni, yunwa ba ta tada gini."

Ƙauye

Da safe mai babur ya kai ni bakin rafi, na tattare zani na haye, na bi ta cikin gero har gida. Ɗakin sujadar ya zama tulin ƙasa, azara sun cake sama. A nan na koyi karatu.

Mu jikokin Maguzawa ne. A wurin kakanninmu, in ɗakin tsafi ya faɗi da kansa, to mai ɗakin ya tashi, sai mutane su nemi inda za su ƙaura. Baba Gambo ya daɗe da barin wannan hanya, amma da ginin ya zube sai tsohon tsoron ya dawo masa. Na same shi kwance a zaure, ya rame, kunu ya sandare a kwano kusa da shi.

"Sannu, Baba."

"Saratu, kin zo? Ubangiji Ya bar mu, 'yata. Duba."

Ya jawo labulen da a da yake rataye a ɗakin sujadar, gaban teburin jibin Ubangiji. Azara ce ta keta shi tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ki ɗinke shi, ko Ya dube mu Ya dawo."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Ya harare ni. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wa ya zaunar da mu a kan tabarma ya ba mu labarin haikalin Urushalima? Wa ya ce akwai labule a ciki, ba mai wuce shi sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, da jinin hadaya a hannunsa?"

"Ni ne."

"To, ranar da Almasihu ya mutu, me ya sami labulen?"

Ya dubi labulen da ke hannunsa. Can ya ce, "Ya tsage."

"Daga ina?"

"Daga sama."

"Fushi ne ya tsaga shi?"

Ya yunƙura ya zauna. Daga nan ban ƙara koyar da shi ba, shi ya karɓe zancen. Ya ce ba fushi ba ne, hanya ce aka buɗe wa kowa zuwa wurin Ubangiji. Ya ce annabawa sun faɗa tun da daɗewa, mai zuwa zai ɗauki laifin mutane a jikinsa, kuma shi zai gina wa Ubangiji haikali. Ya ce da Almasihu ya yi maganar haikalin da za a rushe ya tashe shi cikin kwana uku, jikinsa yake nufi. Ya dubi tulin ƙasar ta ƙofar zaure ya ce, "Wannan kuwa ni na kwaɓa shi da ƙafata. Ashe ginina nake wa makoki."

Na miƙa masa saƙon Hajiya Binta. Ya ce, "Binta har yanzu bakinta bai mutu ba?" Sannan ya ɗaga murya ya ce a ɗumama masa kunun nan.

Ran Lahadi muka yi sujada a fili, a gefen kangon, tsofaffi a kan turame, mu a kan tabarmi. Da aka tashi na fito da allura. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi haka. In mun sake gini bayan kaka, a tsage za mu rataye shi."

Komawa

Rafi ya janye, na samu babur tun daga ƙofar gida, bas kuma ta sauke ni Ungogo kafin magariba. Maigidana ya ce, "An ɗinke?" Na ajiye masa zaren a gabansa, ko warware shi ban yi ba. Na gode wa Hajiya Binta da tuwonta, na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Da na baro Baba Gambo, faɗa yake yi wai an yi masa rowar miya.