Zaren Tabarmata

Ni dai ban yarda da zama a kan yashi kai tsaye ba. Shi ya sa da maigidana ya samu hutu a sito ɗin da yake aiki a Wendover, muka bar Greensboro zuwa bakin teku, na naɗo tabarmata ta roba. Bakinta ya tsinke yana ta soke ni, na sa reza na yanke zaren, na watsar a wurin. A gida ma haka muke yi, iska ta kwashe.

Washegari da sassafe muka koma. Kusa da inda muka zauna jiya akwai wani wuri da aka kewaye da igiya, da allo a kafe: ƙwan kunkurun teku ne a binne, taɓa su laifi ne. Sun ƙyanƙyashe, sawunsu duk ya nufi ruwa. Ɗaya ne ya rage, bai kai tafin hannuna ba, yana ta fafutuka a wuri guda. Koren zare ya naɗe masa wuya da hannun gaba. Na san zaren, na tabarmata ne.

Na durƙusa, maigida ya riƙe ni.

"Kar ki taɓa. Intabiyunmu na takardun zama a ƙasar nan saura wata ɗaya, kina so hukuma ta rubuta mu da laifi?"

"To in zuba ido ya mutu?"

Ya kira lambar da ke jikin allon. Ni kuma na ware mayafina na yi masa rumfa, saboda wasu fararen tsuntsayen teku sun fara shawagi ƙasa-ƙasa. Duk yunƙurin da ya yi, zaren sai ya ƙara shiga. Ga reza a jakata. Na ji haushin maigida, na ji haushin kaina da na bi maganarsa.

Sai da rana ta ɗaga wata dattijuwa mai aikin sa kai ta iso da safar hannu da ɗan almakashi. Ta yanke zaren, ta ɗaga shi sama, ta dubi tabarmar da ke hammatar maigida. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Zarena ne," na ce mata.

Na so ta zage ni. Sai kawai ta ajiye ɗan kunkurun a bakin ruwa. Ya shiga, hannun da ya kumbura ba ya motsi, yana ta kewayawa wuri guda kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. Muna tsaye mu uku har igiyar ruwa ta dawo da shi gabanmu.