Tawadar Ƙaramin Yatsa

Na yi ritaya, na manta sunayen rabin waɗanda muka yi aiki tare, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni allurar sanƙarau Ƙofar Durbi ba. Shekarar zaɓe ce a mulkin farar hular nan, saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a. Zafi ya kankama, labarin ciwon kuma sai shigowa yake daga ƙauyukan da ke kewaye da Katsina.

Ni ce shugabar ayari, mu uku: ni mai allura, da mai haɗa magani, da Rahila, wata 'yar Filato da ke shafa tawada. Ga wanda bai san aikin ba, duk wanda aka yi wa allura akan shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu, don kada a yi masa sau biyu. Ta sanƙarau kuwa ba ta yara kaɗai ba ce, har samari da matan aure ana yi wa. Aka ajiye mu a wata firamare, da teburi da kula cike da ƙanƙara. Mu da ke ofis duk da takardunmu, babu wanda ya tuna cewa a nan rumfar zaɓen unguwar take, unguwar kuma ta 'yan adawa ce tun daga bakin titi har lungun ƙarshe.

Da safe aiki ya tafi daidai. Wajen hantsi wata mata mai suna Hajara ta iso gaban layi da 'yarta Ummi, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Na san mijinta, Malam Sada tela, shi ke ɗinka wa yarana kayan sallah, kuma ɗan jam'iyyar adawa ne na a-mutu. Ummi ta naɗe hannun rigarta da kanta, tana ce mini ita ba ta kuka. Na zuƙi magani ke nan na ji ihu daga bakin ƙofa.

“Kada wanda ya ƙara miƙa hannu! Ku dubi yatsunku!”

Sada ne a gaba, bayansa matasa da gorori. Ya fizge Ummi daga gabana, ya kamo hannun wani saurayi da muka gama da shi, ya ɗaga sama.

“Malama Binta, mi ne ne wannan?”

Na ce, “Malam Sada, shaida ce ta an yi mashi allura.”

“Shaida? Ran zaɓe in ya zo dangwala a ce mashi ya riga ya jefa, ga tawada nan a hannunshi! Don mi ba ku tahi unguwarsu ba, sai tamu? Gwamnatinku ta san nan za ta sha ƙasa.”

Na rantse masa ana yi a ko'ina, na ce tawadar zaɓe daban, yatsan ma daban. Wa zai ji ni? Waɗanda aka yi wa tun safe suka hau goge farce da ƙasa, tawadar kuwa ba ta fita. Hakan ya ƙara tunzura su. Rahila ta ɓoye hannuwanta a bayanta, don duk sun yi shuɗi.

Na kira mai duba aikinmu a waya. Na ce, “Yallaɓai, a yarje mani in yi allura ba tawada.” Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, masu sa ido daga sama yatsu suke dubawa, in babu shaida kamar ba mu yi aiki ba. Na kashe wayar, na ce wa Sada na ajiye tawadar, ko me zai biyo baya na ɗauka, ya bar ni in yi wa Ummi kawai. Hajara ta matso tana hawaye.

“Baban Ummi, don Allah ka bari. Ɗiyar ko ƙuri'a ba ta da.”

Ya ce, “Wanda ya yi maka dabara da tawada, mi zai hana shi yi maka da allura?”

Wani ya hamɓare kular, kwalabe suka tarwatse a rana. Dutse ya wuce ta gefen kunnena ya fasa taga. Na yi kalmar shahada, don wallahi na sadaƙar. Mai unguwa ne ya ratso taron ya tsaya a gabanmu, ya ce duk mai son taɓa mu ya fara da shi. Ta ƙofar baya aka fitar da mu, na lulluɓa wa Rahila mayafina, muka bi lungu takalmana a hannu. Ofis ya ce a dakatar da aikin unguwar sai bayan zaɓe.

Ciwon bai jira ba. Ana cikin hayaniyar sakamako ya shiga Ƙofar Durbi, aka mayar da ni sansanin masu jinya. Wata rana da azahar sai ga Sada da gudu, ba hula, Ummi a kafaɗarsa, wuyanta ya sandare.

“Malama, ki yi mata allurar nan yanzu. Ki shafa mata komi kike so.”

Na ce masa waccan ta rigakafi ce, lokacinta ya wuce, yanzu sai magani da addu'a. Na karɓe ta jikinta kamar garwashi. Mun yi fama, Allah ya tashi kafaɗarta, amma ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya.

Ku da kuke aikin yanzu, wannan ya koya mini cewa kafin ka sauke kula a unguwa, ka san wa suke zargin ya aiko ka, ka kuma san me suke tsoron a ƙwace musu. Mutanen nan ba jahilai ba ne, an sha cutar su ne har suka daina yarda da duk abin da ya fito daga hannun gwamnatin da ba tasu ba. Jam'iyyar da Sada ya yi wa wannan faɗa ma tuni ya bar ta.

Har yanzu shi ke yi mini ɗinki. In na je shagonsa mukan gaisa mu daɗe, ba mai tayar da zancen. Wani lokaci yakan juya ya ƙwala kira, “Ummi, zo ki gaida Malama!” Sai ya tuna, ya sauke ƙafa daga keken ɗinki, ya taka har inda take zaune ya taɓa kafaɗarta.