Romon Ƙaho

Wani Bature ɗan Kanada ne ya tono mini Dada, shi kuwa bai san ya yi ba. Lokacin gasar cin kofin duniya ne, Doha ta cika ta batse, ni kuma ina gadi a wani gidan saukar baƙi a Al Wakrah. Dattijo ne mai surutun tsiya, an lallasa ƙasarsu amma ko a jikinsa. Wata rana da la'asar ya jawo kujera kusa da ni, ya nuna mini hoton wata dabba da ya harbo a dajinsu. Wallahi sai da na ja da baya. Ta fi bijimin sa, ƙahoninta shimfiɗaɗɗu kamar faifai biyu. Ya ce sunanta mus. Na ce masa a wajenmu wannan gwanki ne da ya samu kiwo. Ya yi ta kwatanta mini daɗin naman har yana lumshe ido, yadda suke gasawa, yadda suke busar da saura ya kai su ƙarshen sanyi. Sai ya tura hoto na gaba: wata tsohuwa tukuf a kujera, da faranti a cinyarta. Ya ce uwarsa ce, ita ake fara kai wa. Na ce masa ina zuwa, na zagaya bayan gini na jingina da bango.

Dada kakata ce ta wajen uba, ita ta raine ni tun ban iya ɗaura wando ba, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Ningi. Mijinta maharbi ne. Ban riske shi ba, sai bakansa da kwarinsa da ke rataye a ɗakinta suna shan hayaƙi. Idan an sauke tuwon magariba ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan tura kara ɗaya bayan ɗaya, mu yaran gidan da na maƙwabta mu kewaye ta, in lokacin kaka ne da masara a kan garwashi. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma kullum sai ta yi mini gorin ban taɓa kawo cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta kasa kunne wajen danga, ta ce, "Na ji motsi a dawa." Mu kuma mu ce, "Kamo mana shi, Dada!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta maharbi da gwanki. Kafin ta fara sai ta tuna mana ƙa'idar maharban garinmu: duk wanda ya kayar da babban nama ba ya sa ko tsoka a baki a dawa. Hanta da ɓargo na marasa haƙori ne, sai an kawo su gida tsofaffi sun taɓa, sannan mai baka ya ci.

To, wai wani saurayi ne ya ce wa tsohuwarsa ta ɗora tukunya, yau za ta sha romo. Ya shiga dawa, Allah ya ba shi gwanki ƙosasshe. Da ya feɗe, yunwa ta ciyo shi, ya ce bari ya gasa ɗan gefen hanta, ai ba wanda ya gani. A nan Dada takan tsotsi dasashinta, ta kaɗa kai, ta ce, "Kai, Maigida, naman nan fa da daɗi yake! Kitse na ɗiga a wuta yana cuu, cuu." Mu duka sai mun haɗiyi yawu. Gefen hanta ya zama hanta duka. Ya ce to yanzu da wane ido zai shiga gida ba hanta? Bari ya kwana, gobe ya san dabara. Gobe ya fasa ƙashi ya zuƙe ɓargo. Ya kafa banda, ya yi bukka, kullum kunyar komawa na ƙaruwa, kullum naman na ƙara daɗi.

Ita kuwa tsohuwa ruwa na ƙonewa tana ƙarawa. Itace ya ƙare, ta ƙona kara. Kara ya ƙare, ta fara zare dangarta. Ranar da ɗan ya shigo, ya yi ɓul-ɓul, ba abin da ke kafaɗarsa sai ƙaho biyu. Maƙwabta sun leƙo ta inda danga ta ɓule suna jiran ganin nama. Tsohuwar ta karɓi ƙahon da sauri ta tura a tukunya, ta rufe, ta zuba daddawa da barkono har ƙamshi ya cika unguwa, ta aika wa kowane gida romo a ƙwarya.

Mu dai dariya muke yi har da birgima. Romon ƙaho! Na taɓa ce mata, "Dada, ai wannan tsohuwar wawiya ce. Ni da ni ne, da muciya zan rafke shi." Ta dungure mini kai, ta ce, "Kai dai ci masararka, marowacin miji."

Da na samu hanyar Qatar, ita ta raka ni har bakin mota. Da fari ina kira ta wayar Sale, ɗan baffana, ina kuma aika abin da ya samu. Sai korona ta zo. Aiki ya tsaya, aka tsare mu a ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, gado kan gado, kowa na jin tarin ɗan'uwansa yana tsarguwa. Ba ni da abin aikawa, sai na ji nauyin kira hannu rabbana. Na ce bari abubuwa su daidaita. Wannan uzurin na gaskiya ne, ko a gaban Allah zan faɗe shi. Amma abubuwa sun daidaita, an buɗe hanya, aiki ya dawo har ya yi yawa, ni kuwa shiru. Yanzu kuma kunyar daɗewar ce ta riƙe ni. Ran Juma'a Balaraben da ke da gidan da nake gadi yakan aiko mana da tire na shinkafa, rago kwance a kai, ya ce, "Yalla, ku ci." Mu ci har mu kasa tashi. Ran hutu in tafi kasuwar Souq Waqif in sa a gasa mini hanta. Ina ganin kiran Sale in kife wayar, in ce gobe. Hutuna ya zo, na ɗaga shi da kaina, wai sai na ga ƙwallo.

Ranar da Baturen nan ya nuna mini uwarsa, a bayan ginin na kira Sale. Abin da nake tsoro ɗaya ne, ya ce mini an riga an kai ta makwancinta. Ya ce, "Tana nan, amma idon ya tafi, ƙafar ma haka. In za ka zo, ka zo." Ana gama gasar na ce wa shugaban masu gadi khalas, wato magana ta ƙare, ko da hutu ko ba hutu ni na tafi.

Tun kafin in kai ƙofar gida Inna Ladi, maƙwabciyarmu, ta tare ni da guɗa. Ta riƙe hannuna tana sa albarka. "Allah ya yi maka arziki, ɗan nan. Duk sallar layya naman da kake sa a yanka yana iso mu, har da hanta don mu tsofaffi." Ni kuwa ko kaza ban taɓa sa an yanka ba. Ina shiga na dubi inda Dada ke ɗaure awakinta, waɗanda take ji da su kamar 'ya'ya. Turaku ne kawai a tsaye. Sale ya sunkuyar da kai.

Tana zaune a bakin murhu, ta ƙanƙance. Na durƙusa, ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta mammatsa kumatuna. Ta ce, "Maigida ne? Ka yi ƙiba. Dawan ya karɓe ka."

Na yi shekaru ina zaton tatsuniyar nan gargaɗi ce ga masu kwaɗayi, kuma ina ganin na fi ƙarfin a yi mini shi. Ban taɓa lura ba cewa idan ta zo wajen maharbin da wasa take yi, amma idan ta zo wajen tsohuwar muryarta sauka take yi, ba ta kallon kowa sai wuta. Matar maharbi ce fa. Allah kaɗai ya san sau nawa ta ɗora irin wannan tukunyar tun kafin a haife ni. Har yau da na dawo Doha, in aka ajiye tiren Juma'a sai na fita na kira gida kafin in sa hannu, kuma duk da haka naman ba ya yi mini daɗin da.

A ranar da na durƙusa gabanta dai, kuka ne ya ƙwace mini, na ce, "Dada, ƙaho na kawo miki."

Ta toshe mini baki da tafin hannunta, ta karkata kai wajen danga, ta yi ƙasa da murya. "Yi shiru, Ladi na ji. Tura mini karan nan a wuta."