Ranar da Tashar Gwaram Ta Cika wa Malama Sharifa

Malama Sharifa 'yar Surko ce, aure ya kai ta Gwaram. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da Turanci a wata firamare ta Maruta kafin ta shiga karatun digiri na ƙarshen mako a Kano. Mijinta Abdulsamad direban haya ne. Duk Asabar shi yake kai ta Birnin Kudu, ya sa ta a motar Kano.

Kundinta na kammala karatu a kan wani tsohon labarin Turawan Ingila ne, mai shekara ɗari shida, inda miji ya gaji da jayayya ya miƙa wa matarsa ragamar gida. A mota take fassara wa Abdulsamad, yana tuƙi yana dariya. Yakan ce ashe Turawan dā ma sun sha wuya, shi ma ya miƙa wuya, ranki ya daɗe, sai dai a bar masa sitiyari. Malaminta kuwa ya rubuta mata tambaya a gefen babi na huɗu: mulkin da aka ba ka kyauta, na waye? Ta amsa da shafi uku, tana kare matar.

Haihuwa biyu da jinyar mahaifinta sun cinye shekarun da makaranta ta yarda a yi. Zaman kare kundi na bana shi ne damarta ta ƙarshe.

Saura wata guda, tayar gaba ta fashe wa Abdulsamad a kusa da Yalwan Damai. Ya rasu, Sharifa ta shiga takaba.

Ta aika aka tambayi liman ko za ta iya zuwa zaman. Ya ce lalura ce, ta je da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta. Amma surukarta Inna Batulu ta ce ita da ta yi tata takabar ko zaure ba ta leƙa ba, kuma ba a kan ɗanta za a fara ba. Alhaji Iliyasu, yayan marigayin kuma shugaban direbobin tasha, ya sunkuyar da kai gaban uwarsa.

Ranar zaman, gari na wayewa, ta sa hijabi mara ado ta rungumi kundin ta nufi tasha. Direbobin duk sun san ta. Na farko ya cire hula, ya yi mata gaisuwar rashi, ya ce mota ta cika. Mutum biyu ne a ciki. Na biyu ya ce birkinsa ba lafiya. 'Yan acaɓa suka kau da kai.

Ta je ta tsaya gaban bencin Alhaji Iliyasu.

"Yaya, ai shi da kansa ya yardar mini."

"Ya yarda, Malama. Ni shaida ne." Ya share ido da bakin rawani. "To yanzu ina yake?"

Ta tsaya har hantsi ya dubi ludayi, motoci na tashi ɗaya bayan ɗaya, kowane direba na ɗaga mata hannu cikin girmamawa. Sannan ta koma gida a ƙafa.

Har yau tana Maruta, aji huɗu take koyarwa. Kundin na ƙasan akwati. Shafuka ukun nan ne kawai babu, ta cire su tun ranar.